Surar Mala'ika a Bisa Fatar Jiki

Karatu: Ishaya 6:1-7, Ibraniyawa 1:14, Ru'ya ta Yohanna 22:8-9

Tun zamanin kakanni mutanen ƙasar Taraba sun san zanen jiki. Wanzami yakan yi tsaga da aska domin a san asalin mutum, mata kuma sukan yi jarfa domin ado. Yanzu kuwa samarin Jalingo suna ganin wani zane dabam, na allura da tawada, a jikin 'yan ƙwallo kamar David Beckham na Ingila, wanda ke da mala'ika mai buɗaɗɗun fukafukai a bayansa. Ya wajaba ikilisiya ta san amsar da za ta ba ɗanta ran da ya yi tambaya.

1. Abin da masu zanen ke nufi. Fukafukai a gare su tsaro ne. Mala'ika mai takobi, wato Mika'ilu, nasara ce bisa mugunta. Wanda ya sunkuyar da kai kuwa makoki ne domin wanda ya rasu.

2. Abin da Littafi ya nuna. Serafim da Ishaya ya gani suna da fukafukai 6, da biyu suke rufe fuska a gaban Ubangiji. Kerubim na Ezekiyel suna da fuskoki 4. Amma waɗanda suka sauka wurin Ibrahim da Lutu da kamannin mutane suka zo. Kiristoci na fari ma sukan zana mala'iku ba fiffike, sai wajen ƙarshen ƙarni na 4 aka soma sa musu. Jarirai masu fukafukai kuwa, irin waɗanda Rafayel ya zana a Italiya wajen 1512, daga siffofin Helenawa da Romawa aka aro su.

3. Inda hatsari yake. Littafin Firistoci 19:28 ya hana Isra'ila tsaga jiki saboda matattu, da yin zane a fata. Masana sun rabu a kan yadda dokan nan ta shafe mu, gama Kibɗawan Masar sukan zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu, shaida ce ta bangaskiyarsu. Saboda haka kada mu yi gaggawar hukunta ɗan'uwa mai zane, balle mu hana shi sujada. Amma sai mu lura da wannan: idan mutum ya sa zuciya cewa hoton zai tsare shi daga hatsarin hanya ko mugun baki, ya mai da shi laya ke nan, sai dai wannan layar ba ta kwancewa. Mala'iku bayi ne, aikensu ake yi. Sa'ad da Yohanna ya faɗi domin ya yi wa ɗaya sujada, shi da kansa ya hana shi. Tsaronmu yana wurin Mai-aikensu, hatiminmu kuwa Ruhu Mai Tsarki ne (Afisawa 1:13).

Tambayoyi
1. Don me serafim suke rufe fuskokinsu?
2. Ina bambanci tsakanin alamar shaida da laya?
3. Ƙaƙa za mu karɓi sabon tuba wanda ya zo da zane a jikinsa?

Addu'a: Mu roƙi Allah ya ba samarinmu hikima kafin su yi abin da ba ya gogewa, ya ba dattawa kuma haƙuri cikin gargaɗi.