Icce Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

Masuncin Argungu da zai haɗa homa ba ya neman busasshen reshe. Ɗanye yake sarowa, ya lanƙwasa shi a hankali, ya ɗaure, ya bar shi ya bushe a haka. Daga ranar reshen ya ɗauki siffar da zai mutu da ita. Wanda ya ce zai miƙe shi, sai dai ya karya. Daga irin wannan aiki na hannu magabata suka ciro karin maganar nan, suka miƙa wa iyaye a kan tarbiyya.

Sai dai karin maganar ta faɗi lokacin tanƙwarawa ne kawai. Ba ta faɗi hannun wa zai yi ba, ba ta kuma faɗi gefen da za a karkata ba. Uba nagari ya san ta, mayaudari ma ya san ta, sau da yawa ma ya fi uban sammako. Shi ya sa duk mai son cusa muguwar aƙida ba ya ɓata lokacinsa a zauren dattawa. Almajiri yake nema, da saurayin da ba shi da sana'a, da yaron da babu mai tambayar inda ya kwana. A Kano gardawa da almajirai ne suka cika zangon Maitatsine kafin rikicin 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000. A Maiduguri ɗalibai sun yayyaga takardun shaidar karatunsu da hannunsu kafin tashin hankalin 2009.

Yau abin ya iso ƙofar gida. Lakurawa sun fara zama a yankin Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato da sunan taimaka wa jama'a korar ɓarayin daji. Da suka samu gindin zama sai ga wa'azi, ga zakkar dole a kan shanu, ga bulala a kan sauraron kiɗa, ga jan matasa da kuɗi. A Nuwamban 2024 suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie ta masarautar Argungu, a Janairun 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. Bindiga takan zo daga baya. Abin da ke riga ta shi ne samun kunnen yaro.

Alamar takan fara bayyana a cikin gida. Yaro ya daina gaida mahaifinsa da "Baba, ina kwana", ya ƙi cin yankansa, ya daina bin limamin unguwa salla. In uwa ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka haka?" amsa ɗaya ce: "Malam ya ce." In an nemi hujja, sai ya fusata. Daga nan zumunci ya tsinke, aure ya mutu, masallaci ɗaya ya rabu biyu.

To, me ya raba tarbiyya da cusa aƙida, tunda duka biyun tanƙwarawa ce? Tambaya. Hausawan da suka ce a tanƙwara icce su ne suka ce matambayi ba ya ɓata. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda zuriyarsa ke sarautar Gwandu a Birnin Kebbi, a gaban yayansa Shehu Usmanu ya yi karatu tun yana ƙarami. Amma ana tsakiyar jihadi, da ya ga son mulki da dukiya ya shiga zukatan wasu abokan tafiyarsa, ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya Kano inda ya rubuta Diya'ul Hukkam. Karatun da aka ba shi bai rufe masa ido ba, har a kan nasa.

Saboda haka aikin iyaye bai ƙare da kai yaro makaranta ba. Su san malamin, su san littafin da ake karantawa, su san inda ake kwana. Malamin da ke murna in ɗalibi ya ce "mene ne dalili?" a riƙe shi da kyau. Wanda ya ce tambaya rashin ladabi ce, ya kuma ce kowa ɓatacce ne sai shi da mabiyansa, a ɗauke yaro daga gabansa tun yau.