Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Wanda bai taɓa bin zomo da ƙafarsa ba yakan ɗauki wannan magana da sauƙi. Da rani, bayan an kwashe amfanin gona, samari kan fita da karnuka da gora. Zomo na kwance a gindin sabara, ya lafe kamar ɗan dutse, sai ka kusa taka shi zai zabura. Daga nan sai ihu. Ba ya gudu a miƙe. Ya nufi gabas, kare na dab da cafke shi, sai ya karkace ya yi kudu, kare ya wuce da ƙasa a baki. Kai kuma kana can baya, ƙarangiya ta cika maka wando, ƙaya ta shige tafin ƙafa, maƙogwaro ya bushe. Da yamma a babbake shi a raba, kowa ya tashi da abin da bai cika tafin hannu ba. Mai wucewa ya ji ƙanshi ya ce, "Kai, yaran nan kuna shan daɗi!"

Dubi yadda Bahaushe ya gina maganar. Kalmar "ci" sau biyu ta zo, wato gudun ma cinsa aka yi, ya shiga ciki tare da naman. Sannan daga zomo take tasowa ta waiwayi gudu. Ko kaɗan ba ta yi alkawarin cewa duk wanda ya yi gudu zai ci zomo ba. Sau nawa muka dawo gida hannu Rabbana, karnuka na lallage harshe, ƙannenmu na yi mana dariya?

Masu wa'azi a majami'a suna son wannan karin magana, kuma suna da dalili. Kirista Bahaushe yana kiran bin Yesu Almasihu almajiranci, kalmar da a kunnen mutumin ƙasar nan take ɗauke da barin gida, da nisa da tuwon uwa, da zama a ƙarƙashin malami. Haka labarin ya fara a Linjila. Bitrus da Andarawus sun bar tarunsu a bakin tekun Galili, Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a cikin jirgi, Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji, aikin da ke da maiƙo. Shi kuwa Bitrus, da yake ba ya iya riƙe magana a ciki, wata rana ya tuna wa Yesu cewa sun bar kome saboda shi. A Markus sura 10 aka ba shi amsa: za su sami riɓi ɗari na gidaje da 'yan'uwa da gonaki tun a nan duniya, da rai madawwami a gaba. Amma a tsakiyar lissafin an saka tsanani. A akushi ɗaya aka zuba zomon da gudun.

Tarihin ikilisiya a arewacin Nijeriya ya ƙara wa maganar wani nauyi. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba su gina majami'a ko ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 abin bai yiwu ba, sai a 1902 ƙungiyarsa ta mishan, wato SIM, ta sami wurin zama a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Yau mutum ya shiga sujada a Jos ko Kagoro, ya ji ganga da shantu na zumuntar mata, to zomo yake ci. Waɗanda suka yi gudun farko ko ƙanshinsa ba su ji ba.

A nan karin maganar ta ɗan gaza, domin ita mutum ɗaya ta sani: shi ya yi gudu, shi ya ci. A almajiranci kuwa sau da yawa wani ke shan ƙaya, wani ya sha romo.

Shi ya sa nake jin wani iri idan na ji wa'azin da ya mai da al'amarin ciniki. Ka shuka iri na naira kaza, in ji mai wa'azi, kafin wata ya mutu ka ga mota. A irin wannan kasuwa gudu ya zama kuɗin saye, Allah kuma mai tireda. Amma a Linjilar Matiyu, daidai bayan waccan maganar ta Bitrus, misalin da Yesu ya kawo na ma'aikatan gonar inabi ne. Wasu tun sassafe suke aiki, wasu sai da rana ta kusa faɗuwa aka ɗauke su, da aka zo biya kowa dinari ɗaya. 'Yan safiya suka yi gunaguni, kuma in don ta lissafin ɗan ƙodago ne, ban ga laifinsu ba. Misalin dai ya nuna cewa mai gona ba bashi yake biya ba. Lada na nan, sai dai ba mai gudu ke yanka masa farashi ba.

Akwai wani tsohon mai bishara da na sani tun ina yaro. Shekarunsa na ƙarfi a wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina ya yi su. Ɗan abin da ake ba shi a wata bai isa cefane ba, don haka gona ce ke ciyar da gidansa. Kekensa ya sha faci har ba a gane asalin tayar. A can ya binne ɗiyarsa, wadda ƙyanda ta ɗauke saboda asibiti ya yi nisa. Abokan karatunsa wasu sun shiga aikin gwamnati, sun gina gidan bulo a birni. Bara na kai masa gaisuwa, na same shi a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa. Hira ta yi hira, na kasa haƙuri.

"Baba, duk wahalar nan da kuka sha, me kuka samu?"

Ya yi dariya har da tari. Bai yi mini maganar sama ba, ko da yake na san yana sa zuciya gare ta. Sai ya fara ƙirga ƙauyuka da yatsu, ya ce babu wanda zai shiga a cikinsu dare ya yi masa ya rasa wurin kwana. Wani yaro da ya koya wa karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa yanzu shi ne fasto a can, duk kaka yakan aiko masa da buhun dawa. Da na ambaci ɗiyar, ya yi shiru na ɗan lokaci, hannunsa bai daina ɓara ba.

"Wannan kam, ɗana, har yanzu ina tambayar Allah," in ji shi.

Ya turo mini ƙwaryar gyaɗar, ya ce in ɗiba in kai wa yara.