Aikin Da Ba Dole Ba

Akwai wata al'ada a Amurka da Kanada, musamman a jihar Maine da lardin Nova Scotia, wadda ta isa mutum ya tsaya ya yi tunani a kanta. Aminai, galibinsu mata, sukan haɗa kuɗi su kama masauki a wani ƙauye. Su tafi tun yammacin Jumma'a, su zauna har Lahadi, suna saƙar darduma tare.

Ga yadda ake saƙar. Akan ɗaure buhun ashasha a jikin katako mai kusurwa huɗu, a ja shi ya miƙe sarai. Sa'an nan a yayyanka ƙyallen ulu siri-siri, a riƙe shi daga ƙarƙashi da hannu ɗaya, a soka 'yar ƙugiya daga sama da ɗaya hannun, a jawo ƙyallen ya ɓullo kamar ɗan zobe. Haka za a yi ta yi, zobe kusa da zobe, har su kai dubbai, kafin hoton fure ko na jirgin ruwa ya bayyana.

Talauci ne ya haifi wannan sana'a. A ƙarni na 19 matan manoma da na masunta ba su da halin sayen shimfiɗar kanti, ga kuwa sanyi mai tsanani. Sai suka riƙa tara tsofaffin tufafi da buhunan hatsi suna mai da su darduma. Wani likita daga Ingila, Wilfred Grenfell, wanda ya isa Labrador a 1892, ya kafa wata ƙungiya mai taimakon masunta. Daga baya ƙungiyar ta riƙa tattara tsofaffin safa na siliki, ana rinawa a ba matan wurin su saƙa, a sayar, su sami abin biyan bukata.

To, yanzu fa dolen nan ta wuce. Inji yana fitar da darduma cikin ɗan lokaci, da araha kuwa. Masu zuwa taron nan ma sau da yawa sabon ulu suke saye da tsada su yayyanka. Saboda haka mai suka yana iya cewa wannan almubazzaranci ne, masu hali suna wasa da abin da ya kasance wahala ga kakanninsu. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, gama wadda ta je don a ga tsadar ulunta, ko ta bar haƙƙin iyalinta a baya, ba ta yi abin yabo ba.

Amma mu duba abin da suke komawa gida da shi. Kwana biyu ba sa isa a gama babbar darduma, kowa ya san haka tun kafin ya tashi. Ashe ke nan ba darduma kaɗai ta kai su ba. Aikin yana kama hannu, amma ya bar baki da kunne a sake. Wadda mijinta ya rasu, ko wadda ciwo ya kama, takan faɗi abin da ke ranta idanunta na kan ƙugiya, abin da ba za ta iya faɗi ba in an zauna ana kallon juna. Tsohuwa ta nuna wa sabuwar shiga inda ta kuskure, a warware, a sāke, ba wanda ya ji kunya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waɗannan sun taka, sun kuma sami abin da zai zaunar da su wuri ɗaya har zance ya yi nisa.

Don haka, ya kai mai karatu, kada ka auna kowane aiki da kuɗin da zai kawo kaɗai. Ka tambayi kanka ko ya koya maka haƙuri, ko ya ƙara danƙo tsakaninka da jama'arka. In ya yi haka bai kuwa tauye haƙƙin kowa ba, lokacinka bai tafi a banza ba.