Haƙƙin Abokin Tafiya a Dajin Gundumi

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka san Dajin Gundumi, tsakanin Isa da Sakkwato. A da, ayari kan keta shi dare da rana ba zango, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. Bajamushe Barth ya ratsa shi a 1853, tafiyar awa 26.

To, a ce abokinka ya gaza a tsakiyar wannan daji, salka ta kusa ƙarewa, gulbi na can gaba. Ka wuce ne, ko ka tsaya? Wani zai ce tsira da rai wajibi ne, kuma bai yi ƙarya ba. In tsayawar za ta halaka ku duka, bar masa ragowar ruwan, ka ajiye shi a inuwa, ka tafi. Amma in ka isa gulbi ka sha, cika salkar ka koma, kada ka kwanta kana cewa ai wasu za su tsince shi.