Annabi Iliya Shi Kaɗai

Karatu: 1 Sarakuna 17:2-7, 19:1-18

Sau biyu Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Iliya yana zaman kaɗaici.

Na fari a bakin rafin Kerit ne. Ubangiji da kansa ya aike shi can domin ya ɓuya. Ba shi da abokin hira, sai hankaki masu kawo masa gurasa da nama safe da yamma. Can ya koyi karɓar abincinsa daga hannun Allah, har ranar da rafin ya ƙafe. Mutumin nan da ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450 a bisa Dutsen Karmel, a Kerit aka hore shi. Ubangijinmu Yesu ma ya tashi tun da asuba ya nemi wurin da ba kowa domin addu'a (Markus 1:35).

Na biyu kuwa, tsoro ne ya kore shi. Sa'ad da Yezebel ta rantse za ta kashe shi, ya gudu har Biyer-sheba. Ku lura, ya ku ƙaunatattu, shi da kansa ya bar baransa a can. Ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Mala'ikan Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya tashe shi daga barci har sau biyu, ya ba shi waina da ruwa. Mu kuwa, sau da yawa wa'azi mukan fara yi wa mai baƙin ciki, ba mu tambaya ko ya ci abinci ba.

Bayan tafiyar kwana 40 ya isa Horeb, ya shiga kogo, yana kuka cewa shi kaɗai ya rage. Alhali Obadiya ya riga ya gaya masa yadda ya ɓoye annabawa 100, hamsin hamsin, cikin koguna (18:13). Zafin kaɗaici ya mantar da shi. Iska ta wuce, da rawar ƙasa, da wuta, kana Allah ya yi magana da shi a hankali. Ya shaida masa akwai mutum 7,000 cikin Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya komar da shi bakin aiki, ya kuma ba shi Elisha.

Tambayoyi:
1. Me ya sa Allah ya tambayi Iliya har sau biyu abin da yake yi a Horeb?
2. A cikin ikilisiyarku akwai gwauruwa, ko sabon tuba wanda danginsa suka ƙi shi? Wane ne zai je gidansu cikin makon nan?