Wanda ya rufe ƙofarsa, a ƙyale shi ko a ƙwanƙwasa?

A wannan makon wani littafin labari na ƙasar Suwidin ne ya tayar mini da tambayar da ke sama. Marubucinsa Fredrik Backman ne, an haife shi a 1981, littafin kuma ya fito a 2012. Sunansa da Turanci A Man Called Ove. An yi fim ɗinsa a Suwidin a 2015, Amurkawa suka sake nasu a 2022, inda Tom Hanks ya fito.

Ove dattijo ne mai shekara 59, mai faɗa, mai bin doka kamar ransa. Kullum da sassafe sai ya zagaya unguwa yana duba wanda ya ajiye mota ba daidai ba. Matarsa Sonja ta rasu wata shida da suka wuce, a wurin aiki kuma an sallame shi. Ba su da ɗa, domin cikin da ta taɓa samu ya zube a haɗarin mota a Sifaniya, haɗarin da ya bar ta a keken guragu. Sai mutumin nan ya yanke shawarar kashe kansa, wa'iyazu billahi. Amma duk sanda ya shirya sai wani abu ya katse shi, galibi sababbin maƙwabtansa, musamman matar gidan, Parvaneh, 'yar asalin Iran, mai tsohon ciki da 'ya'ya mata biyu.

Ba banza marubucin ya zaɓi 'yar Iran ba. Bayan juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraki na 1980 zuwa 1988, Iraniyawa da yawa sun yi ƙaura zuwa Suwidin. Ita kuwa Suwidin tana cikin ƙasashen Turai da aka fi samun mutum ɗaya tal a gida. Hukuma na kula da tsoho, ta ba shi fansho da magani, amma hukuma ba ta shigowa ta tambaye ka yaya ka kwana. Ka ga ke nan baƙuwa ce ta kawo wa ɗan gari abin da garinsa ya rasa.

To, a nan tambayar take. Mutum ya nuna ƙarara ba ya son kowa. Shin ƙwanƙwasa masa ƙofa alheri ne, ko shiga sharo ba shanu?

Masu cewa a ƙyale shi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane, ya koyar da cewa in ka nemi izini sau uku ba a ba ka ba, ka juya. Baƙin ciki ma sirri ne. Wani in an dame shi da “yaya haƙuri” sau ashirin a rana, ciwon ne ake fama masa. Mu da ke zaune a garin wasu muna da ƙarin dalili: baƙo ko da ido makaho ne, ba ka san al'adar gidan da za ka kutsa ba, kuma in aka yi maka mummunar fahimta ba kai kaɗai za a zaga ba, Hausawan unguwar duka ne.

Duk da haka ni dai ban gamsu ba. Izinin da aka ce a nema, na shiga ɗaki ne. Ba a ce in an hana ka yau kada ka dawo gobe ba. Kuma mai baƙin ciki ba koyaushe ne bakinsa ke faɗin abin da yake bukata ba. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Bai jira sun aiko roƙo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Parvaneh ta bi da dattijon. Ta kai masa abinci, gaskiya ne, amma yawancin zuwanta ba bayarwa ba ne, roƙo ne. Mijinta ya ari tsani, ya faɗo daga kansa, sai ta ce Ove ya kai su asibiti. Daga baya ta nace ya koya mata tuƙi. Da tausayi ta je masa da shi, wallahi korar kare zai yi mata, don irinsa ba ya karɓar sadaka. Amma mutumin da ya yi shekaru yana ɗawainiya da mace a keken guragu, ba matar kaɗai ya rasa ba, ya rasa wanda ke bukatarsa. Ita kuwa sai ta ɗora masa ɗawainiya.

Mu mun iya ta'aziyya, wannan ba a ƙwace mana. Kwana uku ana shimfiɗa tabarmi, ana addu'a, wasu su ƙara da bakwai da arba'in. Daga nan fa? A gida akwai 'yan'uwa da surukai da jikoki masu cika tsakar gida. A nan Legas kuwa, mutum yana shagonsa za a bugo masa waya daga Katsina ko Maraɗi, kafin ya samu mota an riga an kai ta makwancinta. Ya je ya yi mako biyu ya dawo ɗakinsa na haya. Mu yi masa gaisuwa bayan sallar Magariba, shi ke nan. Wata na uku, lokacin da abin ke fara cin mutum sosai, babu mai tunawa. Har ma mukan ɗauke masa ayyukan da ya saba yi wa jama'a, wai kada a dame shi. Niyya mai kyau ce, amma ina zargin wani lokacin ƙara tura shi cikin ɗaki muke yi.

Sai dai kada mu ruɗu da labari. A littafi marubuci ne ke tsara ƙwanƙwasar ta zo daidai kan gaɓa. A rayuwa tana iya makara. Wanda ya fara maganar ya gaji da duniya, ko ya shiga raba kayansa ba dalili, ba aron tsani kaɗai zai wadatar ba, a haɗa shi da likita, a kuma sanar da danginsa. Ba kuma kowane mai faɗa ne ke laushi ba, wani za ka yi ta zuwa yana yi maka tsawa har ƙarshe. Sannan ba sai matarka ce za ta je wurin gwauro ba, kai ka je, ko ka tura yaro.

A layinmu akwai wani tsohon tela Bayarabe, Kirista, da matarsa ta rasu bara. Tun lokacin bai buɗe shago ba. Na yi masa gaisuwa sau ɗaya na ɗauka na sauke nauyi. Ranar Talata na kai masa wandon makarantar ɗana da ya yage, na ce Baba, babu wanda na yarda da ɗinkinsa sai kai. Ya harare ni, ya ce kekensa ya yi tsatsa. Amma bai mayar mini da wandon ba, ya ce in dawo Asabar.