Wanda ya gani ya yi shiru

Akwai wani babban birni a ƙasar Amurka, sunansa Shikago. Mutanensa sun fi miliyan biyu da rabi. A 1974 an kashe mutum 970 a cikinsa. Abin ya ragu, ya sake tashi. A 2021 an kashe kusan 800, a 2024 ba su kai 600 ba. Yawanci da bindiga ne, a unguwannin talakawa na kudu da yamma.

Amma ba yawan gawa ne ya sa na rubuto maka ba. A 2016, cikin kowane kisa uku, biyu ba a kama mai laifi ba. An rufe mamaci, wanda ya harbe shi yana yawo abinsa.

Ba don babu wanda ya gani ba ne. Sau da yawa an gani. Sai dai mai kisan maƙwabci ne, ya san ƙofar gidan shaida. Ga shi kuma mutane ba su amince da ƴan sanda ba. A 2014 wani ɗan sanda ya yi wa wani saurayi baƙar fata, ɗan shekara 17, harbi 16. Aka ɓoye hoton abin fiye da shekara guda. Wa zai kai ƙara wurin wanda yake tsoro?

To, ka sa kanka a wurin. Da dare ka leƙa ta taga, ka ga fuskar mai harbi, ka san shi, ka san uwarsa. Ƴaƴanka uku suna barci a bayanka. In ka faɗa, ƙila gobe kai ne. In ka yi shiru, dangin mamaci ba za su ga shari'a ba, sai su nemi fansa da hannunsu. Wanda za su harba ƙila ma ba shi ne ba. Gawa ɗaya ta zama biyu.

Ni dai a ganina mai shiru yana da nasa alhaki. Amma ba zan aza masa kaya duka ba. Hukumar da ke son shaida ta yi magana, ita ce ya kamata ta fara tsare ransa. Uwar mamaci kuwa, kullum tana gamuwa da mai shirun a hanya, suna gaisawa. Ta san ya gani.